Tambaya da Amsa: Olagunsoye Oyinlola, sojan da ya karanta lauya, ya mulki jihohi biyu

Masu karatu, barkanmu da sake saduwa a wannan fili. Wasiƙun da na ware domin wannan fitowa duk sun taru ne a kan mutum ɗaya, wato Birgediya Janar Olagunsoye Oyinlola mai ritaya, wanda ya mulki Jihar Legas yana sanye da kaki, ya tuɓe kakin ya je ya karanta lauya, sannan ya dawo ya mulki Jihar Osun da ƙuri'a har ranar da kotu ta sauke shi. Na taƙaita wasu tambayoyin, na kuma haɗa waɗanda suka yi kama da juna.

TAMBAYA: Malam, Allah ya ƙara basira. Mun yi gardama a ɗakin malamai a kan tsofaffin gwamnonin soja da suka dawo suka ci zaɓe, sai wani abokin aikina ya ambaci Oyinlola, ya ce ɗan sarki ne. Wane ne shi, kuma wane irin aikin soja ya yi kafin ya hau mulki? (Daga wani malamin sakandare a Zariya)

AMSA: Amin, Malam, na gode. Abokin aikinka ya yi gaskiya. An haifi Oyinlola ranar 3 ga Fabrairu, 1951, a garin Okuku da ke Ƙaramar Hukumar Odo-Otin ta Jihar Osun ta yau, kuma mahaifinsa, Oba Moses Oyinlola, shi ne Olokuku, wato sarkin Okuku, shi ya sa har gobe jaridun Kudu ke sanya masa laƙabin Yarima. Sarkin ya rasu a 1960, lokacin yaron yana ɗan shekara tara. Ya shiga soja a 1969 a matsayin ƙaramin soja, ana tsakiyar Yaƙin Basasa, a lokacin da rundunar Najeriya ta kumbura daga dakaru kimanin 10,000 zuwa kusan 250,000 kuma take matuƙar buƙatar samari masu takardar sakandare. Daga nan ya samu shiga makarantar horar da hafsoshi ta Kaduna, ya fito da anininsa a 1971, aka tura shi rundunar tankoki da motoci masu sulke.

Abin da ya fi tsaya mini a rai cikin aikinsa na soja shi ne Somaliya. Bayan faɗuwar gwamnatin Siad Barre a 1991, ƙasar ta wargaje a hannun madugan yaƙi, Majalisar Ɗinkin Duniya ta tura dakaru, Najeriya kuma ta ba da bataliyar da Oyinlola ya jagoranta yana Laftanar Kanar. Ranar 5 ga Satumba, 1993, sojojinmu sun tafi karɓar wani shingen bincike daga hannun dakarun Italiya a birnin Mogadishu, sai aka yi musu kwanton ɓauna, aka kashe bakwai, aka kama ɗaya mai suna Umar Shantali, wanda mutanen Janar Farah Aidid, ɗaya daga cikin madugan yaƙin, ba su sake shi ba sai a watan Oktoba, tare da matuƙin jirgin Amurka Michael Durant. Oyinlola ya fito fili ya zargi Italiyawan da cewa sun tsaya suna kallo ba su kawo ɗauki ba. Ina ganin wajibi ne mu riƙa tuna waɗannan mutane bakwai, domin duniya ta haddace labarin sojojin Amurka da suka mutu a wannan birni wata guda bayan haka, namu kuwa ko a gida ba a cika ambatonsu ba.

Game da gardamarku, jerin ba shi da tsawo. Akwai Samuel Ogbemudia da ya mulki Jihar Tsakiyar Yamma da kaki ya dawo ya ci Bendel a 1983, da Mohammed Lawal da ya riƙe Ogun ya ci Kwara a 1999, da Murtala Nyako da ya riƙe Neja ya ci Adamawa a 2007, da Jonah Jang da ya riƙe Binuwai da Gongola ya ci Filato a 2007. Oyinlola yana cikinsu, da Legas a 1993 da Osun a 2003.

TAMBAYA: Malam, ni ganau ne ba jiyau ba. Ina ɗauko kayan gwari daga Arewa zuwa kasuwar Mile 12 a zamanin Abacha, kuma ban taɓa ganin hanyoyin Legas sun lalace kamar lokacin wannan mutum ba, ga bola ko'ina. Ana ta cewa wai ya ce babu kwalta. Laifinsa ne ko na gwamnatin sama? (Daga wani tsohon direba a Funtuwa)

AMSA: Baba, abin da idonka ya gani haka yake, kuma maganar kwalta ita ce tambarin da ya bi shi har yau a bakin mutanen Legas. Amma bari mu fara da yadda ya samu kansa a kujerar. Janar Sani Abacha ya karɓi mulki ranar 17 ga Nuwamba, 1993, ya rushe gwamnatin riƙo ta Ernest Shonekan, ya sallami zaɓaɓɓun gwamnoni da majalisu, ciki har da Michael Otedola na Legas, sannan a watan Disamba ya rarraba hafsoshi a jihohi da sunan kantomomi. A wannan rabon ne Kano ta samu Kanar Muhammad Abdullahi Wase, wanda ya rasu a hatsarin jirgin sama kusa da Jos a Yunin 1996, Legas kuma ta samu Kanar Oyinlola, wata uku kacal bayan abin da ya faru a Mogadishu.

Babu jihar da ta kai Legas zafi a wancan lokaci. Can ne cibiyar masu neman a tabbatar wa Cif Moshood Abiola zaɓen 12 ga Yuni, 1993 da aka soke, can ƙungiyar NADECO ta masu adawa da mulkin soja ta fi ƙarfi bayan kafa ta a Mayun 1994, can Abiola ya ayyana kansa shugaban ƙasa a unguwar Epetedo ranar 11 ga Yuni, 1994, kuma can yajin aikin ma'aikatan mai na wannan shekara ya fi tsayar da komai cik. An ɗora Bayarabe ya riƙe birnin Yarabawa a madadin gwamnatin da yawancinsu ke ganin ta zalunce su. A zamaninsa aka harbe dattijo Alfred Rewane, ɗaya daga cikin jigogin NADECO, a gidansa da ke Ikeja a Oktoban 1995, aka kuma harbe Alhaja Kudirat Abiola, matar Cif Abiola, a kan titi ranar 4 ga Yuni, 1996. Oyinlola ba ya cikin waɗanda aka gurfanar a kotu kan kisan Kudirat, kuma adalci ne a faɗi haka, sai dai duk wanda ya karɓi amanar jiha, jinin da aka zubar a titunanta yana shiga tarihin mulkinsa ko da ba shi ya zubar ba.

Uzurin kwalta yana da tushe, domin matatar mai ta Kaduna ce ke samar da ita a cikin gida, kuma matatun ƙasar sun sha fama da lalacewa a waɗannan shekaru. Abin da ya raunana uzurin shi ne zuwan magajinsa. A Agustan 1996 aka kawo Kanar Muhammad Buba Marwa, wanda ya taɓa mulkin Borno, a ƙarƙashin Abachan nan dai, da matatar nan dai, sai ga shi an fito da ma'aikatan gwamnati ana like ramuka unguwa-unguwa, har mutanen Legas suka sanya wa keke mai ƙafa uku sunansa. Saboda haka amsata gare ka, Baba, ita ce gwamnatin sama tana da nata kaso, amma kaso mafi girma na wanda ke kan kujerar ne. Wani abu kuma da ya kamata a lura da shi, kantoman soja ba shi da majalisar dokoki da za ta kira shi ta tambaye shi ina kuɗin hanya, ba shi da zaɓe a gabansa, mutum ɗaya yake tsoro, wato wanda ya naɗa shi. Direba irinka da motarsa ta karye a rami ba shi da ƙofar da zai kai kuka.

TAMBAYA: Malam, ni ɗaliba ce a tsangayar koyon aikin lauya. Malaminmu ya ambaci shari'ar Aregbesola da Oyinlola a darasin dokar zaɓe, ya ce shi kansa Oyinlola ya karanta lauya. Ina son ƙarin bayani kan karatun nasa da kuma yadda kotu ta sauke shi. (Daga wata ɗaliba a Kano)

AMSA: 'Yata, Allah ya ba da sa'ar karatu. Wannan ce tambayar da ta fi muhimmanci a wurina, don haka zan ɗan tsawaita. Oyinlola ya bar aikin soja a 1999 da muƙamin Birgediya Janar, a shekarar da Shugaba Obasanjo ya yi wa hafsoshin da suka ɗanɗana muƙaman siyasa ritaya. Yana dab da shekara hamsin ya koma aji a Jami'ar Buckingham da ke Ingila, jami'a mai zaman kanta da aka sani da kammala digiri cikin shekara biyu, ya samu digirin lauya. Ba shi ne sojan farko da ya haɗa kaki da karatun shari'a ba, domin a nan Arewa muna da marigayi Kanar Yohanna Madaki, wanda ya mulki Gongola daga 1985 zuwa 1986 sannan ya yi aikin lauya a Kaduna.

Ki dubi irin dokar da ya yi mulki a ƙarƙashinta a Legas. Dokar soja mai lamba 107 ta 1993 ta dakatar da sassan Tsarin Mulki, mai lamba 12 ta 1994 ta hana kotuna bincikar abin da gwamnati ta aikata a ƙarƙashin dokokinta, ga kuma tsohuwar mai lamba 2 ta 1984 da ke ba da damar tsare mutum ba tare da an kai shi gaban alƙali ba. Mutumin da ya yi mulki a lokacin da aka ɗaure hannun alƙalai, shi ne ya zauna ya koyi cewa hukuma ma tana ƙarƙashin doka, kuma shi ne daga baya alƙalai suka yanke wa makomarsa.

A Afrilun 2003 ya tsaya a PDP ya kayar da gwamna mai ci, Cif Bisi Akande na jam'iyyar AD, wanda rage ma'aikata da malaman makaranta ya ɓata tsakaninsa da jama'a, ga kuma rikicinsa da mataimakinsa Iyiola Omisore. A wannan zaɓe PDP ta kwashe jihohi biyar cikin shida na Kudu maso Yamma, Legas ta Bola Tinubu kaɗai ta tsira. A Afrilun 2007 Oyinlola ya nemi zango na biyu, ya kara da Rauf Aregbesola na jam'iyyar AC, wanda ya shafe shekara takwas yana kwamishinan ayyuka a gwamnatin Tinubu. Hukumar zaɓe ta ce Oyinlola ya ci. Wannan shi ne zaɓen da marigayi Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa da bakinsa ya amsa cewa yana da naƙasu.

Aregbesola ya garzaya kotun sauraron ƙararrakin zaɓe, yana ƙalubalantar sakamakon wasu daga cikin ƙananan hukumomi 30 na jihar. Kotun farko ta kori ƙarar a 2008, bayan ta ƙi karɓar wasu hujjoji, ciki har da binciken wani ƙwararre ɗan Ingila mai suna Adrian Forty, wanda ya duba dangwalen yatsu a kan takardun ƙuri'a domin nuna cewa yatsa ɗaya ya dangwala takardu da yawa. Kotun Ɗaukaka Ƙara ta ce a sake shari'ar a 2009, sabuwar kotu ta zauna, ita ma ta kori ƙarar a 2010. Sai ranar 26 ga Nuwamba, 2010, alƙalai biyar na Kotun Ɗaukaka Ƙara da ke Ibadan, ƙarƙashin Mai Shari'a Clara Bata Ogunbiyi, 'yar asalin Jihar Borno wadda daga baya ta hau Kotun Ƙoli, suka haɗu a kan magana ɗaya, suka soke ƙuri'un ƙananan hukumomi 10. Da aka lissafa abin da ya rage, Aregbesola yana da 198,799, Oyinlola yana da 172,880. A lokacin shari'ar zaɓen gwamna a wannan kotu take ƙarewa, saboda haka bakin alƙalami ya bushe, washegari aka rantsar da Aregbesola a Osogbo.

Oyinlola ya sauka, bai yi yunƙurin riƙe kujerar da ƙarfi ba, kuma ga mutumin da ya fito daga tsarin da umarni ke gaba da hukunci, wannan abin a rubuta masa ne. Amma bai yarda da hukuncin a ransa ba, domin ya kai koke Majalisar Kula da Harkokin Shari'a ta Ƙasa yana zargin shugaban Kotun Ɗaukaka Ƙara na lokacin, Mai Shari'a Ayo Salami, da yin waya da mutanen ɓangaren da ya yi nasara. Binciken majalisar bai tabbatar da wannan zargi ba, dakatarwar da aka yi wa Salami a Agustan 2011 kuwa ta biyo bayan saɓaninsa ne da Babban Jojin Ƙasa Aloysius Katsina-Alu a kan shari'ar gwamnan Sakkwato. A ɗaya ɓangaren, majalisar nan ta ba da shawarar yi wa alƙalin da ya jagoranci kotun farko ritayar dole a 2013, saboda samun sa da yin waya da ɗaya daga cikin lauyoyin Oyinlola yayin da shari'ar ke gabansa. Ki riƙe wannan, 'yata, tunda aikin da za ki shiga ke nan: a shari'a guda, kowane ɓangare ya zargi alƙalin da ya kayar da shi, kuma mutuncin kotu ne ya fi shan wahala.

Abin da ya fi ci mini rai a labarin shi ne tsawon lokacin. Daga 29 ga Mayu, 2007 zuwa ranar hukunci, shekara uku ne da kusan wata shida. A duk tsawon wannan lokaci wanda kotu ta ce ba shi jama'a suka zaɓa ba ne yake sa hannu a kasafin kuɗi, yake naɗa kwamishinoni, yake ba da kwangila, kuma babu hukuncin da zai mayar wa masu ƙuri'a waɗannan shekaru. Irin wannan jan ƙafa, wanda aka gani a Anambra da Edo da Ondo da Ekiti, shi ya sa gyaran Tsarin Mulki na 2010 ya ƙayyade wa kotun zaɓe kwana 180, ɗaukaka ƙara kwana 60, aka kuma buɗe wa shari'ar gwamna hanya zuwa Kotun Ƙoli.

TAMBAYA: Malam, me ya sa Osun ba ta zaɓen gwamna tare da sauran jihohi? (Daga wani mai karatu a Maraɗi, Jamhuriyar Nijar)

AMSA: Ɗan'uwa, amsar tana cikin labarin da ke sama. Tsarin Mulkin Najeriya yana ƙirga shekara huɗun gwamna ne daga ranar da ya yi rantsuwa, kuma tunda Aregbesola ya yi tasa ranar 27 ga Nuwamba, 2010, sai agogon jihar ya sauya, aka yi zaɓukanta a 2014 da 2018 da 2022. Anambra da Bayelsa da Edo da Ekiti da Imo da Kogi da Ondo su ma hukuncin kotu ne ya fitar da su daga layi.

TAMBAYA: Malam, shekara bakwai da rabi ba kwana bakwai ba ne. Shin akwai abin da ya bar wa Osun da za a nuna? (Daga wata ma'aikaciyar jinya a Gusau)

AMSA: Akwai, Malama, kuma mafi girmansa shi ne Jami'ar Jihar Osun, wadda aka kafa a 2006 ta fara ɗaukar ɗalibai a 2007. An raba ta gida shida, a Osogbo da Okuku da Ikire da Ejigbo da Ifetedo da Ipetu-Ijesa, domin kowane yanki na jihar ya samu rabonsa, tsangayar lauya kuwa a Ifetedo take. Masu suka suna cewa harabobi shida nauyi ne ga jihar da ba ta da kuɗin shiga mai yawa, kuma maganarsu tana da ƙanshin gaskiya, amma jami'ar tana nan tana yaye ɗalibai bayan gwamnoni uku sun biyo bayansa. Idan aka auna, ni a ganina ya fi taɓuka abin kirki a Osun, inda yake da majalisa da 'yan adawa da zaɓe a gabansa, fiye da Legas inda babu mai ce masa don me.

TAMBAYA: Malam, na tuna sunansa a rikicin sabuwar PDP lokacin da gwamnanmu ya fice daga jam'iyyar. Wace rawa ya taka? (Daga wani ɗan kasuwa a Sakkwato)

AMSA: Alhaji, tunaninka daidai ne, kuma a nan ne hanyarsa ta haɗu da ta manyan 'yan siyasar Arewa. A babban taron PDP na Maris 2012 aka zaɓe shi sakataren jam'iyya na ƙasa, Alhaji Bamanga Tukur yana shugaba. Ana kallonsa a matsayin na hannun daman Obasanjo, a daidai lokacin da dangantakar Obasanjo da Shugaba Jonathan ta fara tsami. A Janairun 2013 Babbar Kotun Tarayya da ke Abuja ta sauke shi daga muƙamin bisa ƙarar da wani ɓangaren jam'iyyar na Jihar Ogun ya shigar, wato karo na biyu ke nan cikin shekara biyu da 'yan watanni da hukuncin alƙali ya raba shi da kujera.

Ranar 31 ga Agusta, 2013, ana tsakiyar taron jam'iyya a Dandalin Eagle da ke Abuja, Atiku Abubakar da gwamnoni suka fice suka nufi Cibiyar 'Yar'aduwa, suka ayyana sabuwar PDP da Alhaji Kawu Baraje a matsayin shugaba, Oyinlola kuma sakatare. Gwamnoni bakwai ne a tafiyar: Aliyu Wamakko na Sakkwato, Rabi'u Kwankwaso na Kano, Sule Lamido na Jigawa, Babangida Aliyu na Neja, Murtala Nyako na Adamawa, Abdulfatah Ahmed na Kwara da Rotimi Amaechi na Ribas. A watan Nuwamba Kotun Ɗaukaka Ƙara ta mayar wa Oyinlola muƙaminsa, amma uwar jam'iyya ta dakatar da shi maimakon ta buɗe masa ofis, a ƙarshen watan kuma gwamnoni biyar suka koma APC, Lamido da Babangida Aliyu suka tsaya. Shi kansa ya shiga APC a Agustan 2014, ana saura kwanaki a yi zaɓen Osun, ya mara wa Aregbesola baya a kan Omisore na PDP, wato ya taya mutumin da ya karɓe masa kujera neman zango na biyu. A 2018 ya ajiye shugabancin hukumar gudanarwar ma'aikatar katin ɗan ƙasa da gwamnatin Buhari ta ba shi, ya bi tafiyar haɗakar da Obasanjo ya kira a kafa, daga baya kuma ya koma PDP.

Masu tambaya a kan Kanar Yohanna Madaki da batun sauke Sarkin Muri a 1986, wasiƙunku sun iso, kuma da su za mu buɗe fili na gaba in Allah ya kai mu.